Baba Donka da Kuɗin Maganin Murjo

A ƙauyenmu na Orehov Dol babu wanda ya taɓa zargin tsohuwar nan Baba Donka da taushin zuciya. Tun tana budurwa ta shiga masana'antar cika gwangwani da ke bakin kogi, ta ƙare ƙuruciyarta wajen ɓare gasasshen tattasai, har yatsunta suka daina jin zafin wuta, zafin ya koma bakinta. Da aka rufe masana'antar aka sayar da injinan ga masu jari-bola, ta dawo gida da ɗan fanshon da ba ya ganin ƙarshen wata sai an lallaɓa shi. Mijinta Zahari direban tarakta ne, mutum mai shiru, wanda aka ce ya gwada yi mata musu a shekarar aurensu, bai ji daɗin abin ba, bai sake ba. Allah bai ba su haihuwa ba, dangi kuwa duk sun riga ta.

Bayan rasuwar Zahari abin da ya rage mata na fita bai wuce jana'iza ba, kuma a ƙauyen da matasa suka watse zuwa ƙasashen waje wannan aiki ne da ba ya yankewa. Ba ta fashi. Ta san wanda aka binne da mutunci, ta san wanda 'ya'yansa suka zo da baƙin tabarau suka juya tun kyandir bai ƙare ba, kuma ba ta iya riƙe abin da ta sani a ciki. Ita da aminiyarta Ginka, maƙwabciyarta ta tsallaken titi, sukan dawo daga maƙabarta suna tsefe abin da aka yi dalla-dalla, wa ya yi rowa, wa ya yi kukan ganin ido. Shekara da shekaru suna faɗa da juna, kowacce kuma tana riƙe da makullin gidan 'yar uwarta.

Murjo kuwa tsintuwa ne. Wani marar imani ya jefar da shi cikin kwali kusa da juji, ɗan kwikwiyo baƙi mai ƙazanta, ta ɗauko shi tana tsine wa wanda ya yar, ta ce kwana biyu zai yi ta nema masa gida. A wajenmu an san matsayin kare. Sarƙa a wuya, tsohuwar ganga a tsakar gida don kwana, busasshen burodi da ruwan wanke tukunya. In ya tsufa ko ya kwanta ciwo, ba a rasa mai bindigar farauta da zai raka shi bayan tudu ya dawo shi kaɗai. To sai ga Donka, wadda ta taɓa korar jikan mutane don ya shiga mata ɗaki da takalmi, ta shimfiɗa wa kare tsohuwar rigar sanyin mijinta a gindin murhu. Gari ya yi surutu har ya gaji. Ita dai ta ce shi ne namiji na farko da ya taɓa sauraronta har ta gama magana bai tuna yana da aiki a waje ba.

Ya fara manyanta ciwon ya same shi. Ya riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ya shanye na kwanonsa ya bi bokitin wanki, ga fitsari ba adadi, ga ci kamar an aiko shi. Cikinsa ya saki ya yi tulu, gashin kuiɓinsa ya zube har fata ta fito, ƙafafun baya suka fara rawa in zai hau matakalar ƙofa. Ginka ta ce tsutsar ciki ce ko kambun baka, a ba shi tafarnuwa. Aka ba shi tafarnuwa, ya cinye, ya nemi ƙari. Ranar da ya kasa hawa matakalar ya tsaya yana haki yana kallonta, Donka ta ɗaura baƙin ɗankwalinta ta sa shi a bas zuwa birnin Lovech, direba na ta gunaguni ta yi masa kunnen uwar shegu.

Likitar dabbobin yarinya ce da ba ta wuce sa'ar jikarta ba da tana da jika. Ta ɗebi jini, ta ce su dawo, suka dawo. Ta yi mata bayani a hankali cewa akwai wasu 'yan abubuwa biyu a saman ƙoda da ke zuba wani sinadari cikin jini, nasa sun rikice suna zubawa fiye da ƙima, shi ke cinye masa ƙarfi. Ba ya warkewa, amma ana riƙe shi da ƙwaya ɗaya kowace safiya, sai kuma gwajin jini lokaci-lokaci. Donka ta ji sanyi a ranta. Ƙwaya ai ita ma tana sha. Ta buɗe jaka ta tambayi kuɗin kwalin, aka faɗa mata, ta ce a maimaita don kunnenta na hagu ba ya ji sosai. Aka maimaita a na dama. Ya haura rabin fanshonta. Ta ce to, in dai zai tashi, za ta san yadda ta yi ta biya sau ɗaya a huta.

“Na wata ɗaya ke nan, Baba,” in ji likitar.

“Wata na biyu fa?”

“Haka. Har ƙarshen ransa.”

Donka ta zauna a kujerar da ba a ce ta zauna ba. Ta kai shekara saba'in a duniya ba ta taɓa jin an ce maganin kare ya fi na mutum tsada ba, ta rasa ma wanda za ta zaga. Da ta tambayi abin da zai faru in ba a ba shi ba, yarinyar ba ta ɓoye mata ba, ta ce da wuya ya ga narkewar ƙanƙarar bana a ƙarshen hunturu. Murjo yana kwance a kan takalminta yana lasar ƙasa, ko a jikinsa.

Matar da ba ta taɓa aron ko gishiri ba ta shiga yawon neman taimako, kuma duk inda ta je sai ta fito da sabon mamaki. A ofishin jin daɗin jama'a na gunduma, ma'aikaciyar ta saurare ta da kyau har sai da ta gane cewa Murjo ba jika ba ne. Ta ce akwai tallafin itacen girki, akwai na sandar guragu, babu na kare. Fada Serafim ya ce akwatin coci na rufin da ke yoyo ne, ya yi addu'a, ya ba ta kwalbar zuma. Wata ƙungiyar masu tausayin dabbobi da ke Sofiya, babban birnin ƙasa, da aka kira mata a waya, suka ce su karnukan titi suke taimaka wa, da a ce ba shi da mai shi da sun zo da mota sun ɗauke shi. Donka ta tambayi matar ko laifinsa ke nan da ya samu gida, matar ta ce dokarsu ce. Manol, shugaban ƙauye, wanda suka yi aji ɗaya a firamare, ya fi kowa sauƙin kai. Ya ce ta bar masa karen da safe, harsashi kyauta ne, kuma hannunsa ba ya rawa. Ya faɗa da zuciya ɗaya, shi ne abin da ya fi ƙona mata rai.

Ta sayar da keken ɗinkinta da babbar tukunyar tagullar da take dafa miyar tattasai ta kwalba. Aka samu na kwali ɗaya da na gwaji. A kan keken ne suka ɓata da Ginka, wadda ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an tsiyata gida saboda kare ba, Donka ta ce mata ai ita ta tsiyata nata saboda suruki, wanda ko haushi ba ya yi in ɓarawo ya shigo. Suka daina gaisawa. Ƙwayar kuwa ta yi aiki, wannan ne masifar. Kafin kwalin ya yi nisa Murjo ya rage shan ruwa, ya hau matakala da kansa, har ya kori kazar Ginka. Da bai yi aiki ba da ta haƙura ta ce kwanansa ne ya ƙare. Yanzu kuwa ta ga da idonta cewa ransa yana cikin kwalin nan, kwalin kuma kullum raguwa yake.

Likitar ce ta kawo shawarar, kuma ba laifinta ba ne. Ta ce mutane da yawa suna samun taimako in suka sa hotonsu da na dabbar a intanet, musamman tsofaffi, don fuskar tsohuwa tana taɓa zuciya. A rubuta abin da ya faru a taƙaice, a sa a inda jama'a suka fi dubawa. Donka ba ta da irin wannan waya kuma ba ta yarda da ita ba. Amma inda jama'a suka fi dubawa, wannan ta sani sarai. Sanarwar hukuma tana iya ruɓewa a ƙofar ofishin Manol ba wanda ya ɗaga kai. Tsohuwar bishiyar dandali kuwa, wadda ake manna wa takardun rasuwa da na tunawa da mamata, babu mai zuwa sayen burodi da safe da zai wuce ta bai tsaya ba. Ita kanta da nan take fara kowace rana.

Mai injin buga takarda a duk yankin mutum ɗaya ne, Kosta mai sayar da akwatunan gawa kusa da tashar gunduma. Shi ya ɗauki hoton a ƙofar shagonsa. Donka ta tsaya ƙyam da baƙin ɗankwali, fuska a murtuke, don ba ta ga abin dariya ba, kan Murjo kuma ya ɗan leƙo ta gefen siket ɗinta. Takardunsa duk an riga an buga musu baƙin zagaye da gicciye a sama, wasu ba shi da su. Ya ɗan sosa ƙeya ya ce anya kuwa, ta ce baƙin ne zai sa a tsaya a duba. Injin ya fitar da sunanta da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin hoton kamar yadda ya saba, roƙon kuma ya zo can ƙasa da ƙananan rubutu. Guda ɗaya ta ce tana so, bishiya ɗaya ce ai. Bai karɓi ko sisi ba, ya ce ba ya cajin wanda zai dawo masa komai daɗewa.

Da sassafe ta manna ta a kan hanyarta ta kama bas ɗin farko, don ranar ce ta gwajin jinin Murjo. Ba ta sallami Ginka ba tunda suna gaba. Gwajin ya ja, bas ɗin komawa ya tafi ya bar su, ta kwana wajen wata tsohuwar abokiyar aikinta ta masana'anta, suka raba kwanon miyar wake suna zagin gwamnati. Sai washegari da rana ta kamo hanya, da sakamako mai kyau a jaka da ƙwayoyin da ba za su kai mako ba.

Bas yana sauke mutane ne a gindin gari, daidai maƙabarta. Tana sa ƙafa a ƙasa ta ji ƙararrawar coci, a hankali, irin bugun da ake yi idan mace ta rasu. Ta gicciye ƙirjinta ta shiga lissafa marasa lafiya a ranta, tana jin haushin cewa kwana ɗaya tak da ta bar gari har wata ta samu damar mutuwa ba da saninta ba. Sai ta hango ƙasa tana tashi daga tsakiyar kaburbura. Ta ƙara duban wurin. Kabarin Zahari ne, kuma hannun damansa ake haƙawa, wurin da ta biya da guminta, ta sa aka sassaƙa sunanta da shekarar haihuwarta a jikin dutsen aka bar gurbin ɗayar shekarar. Ta manta da ciwon gwiwa. Ta ratsa ta kan ciyawa tana jan Murjo har bakin ramin.

“Kai Tanyo, uban wa ya ce ku taɓa mini wurina?”

Tanyo mai haƙar kabari yana cikin rami har ƙirji. Ya waiwayo, shebur ya suɓuce masa, bakinsa ya buɗe ya ƙi rufuwa. Abokin aikinsa da ke sama da kwalbar barasa bai tsaya neman bayani ba, ya tsallake kaburbura uku a guje, mutumin da ke karɓar tallafin ciwon baya. Donka ta sake tambaya wace ce za a tura mata kusa da miji. Tanyo ya ɗaga yatsa yana nuna dutsen. Ta duba. A gurbin da aka bari, wani ya rubuta shekarar bana da alli don mai sassaƙa ya bi. Ta daɗe tana kallon lambobin nan, ƙararrawa na ci gaba da bugawa. Ashe ita ake bugawa.

Yadda ta kai gida ba ta iya tunawa sosai. Ta dai tuna wata mata riƙe da furanni bibbiyu irin na mamaci ta jingina da katanga tana salati irin namu, wani tsoho kuma ya cire hula ya rasa ko mayarwa zai yi. An ɗaura baƙin ƙyalle a ƙofar gidanta. Tsakar gida cike da mutane, har waɗanda rabon su taka gidan tun rasuwar Zahari, kuma tana shigowa surutu ya ɗauke ɗif. Ta wuce ciki ba wanda ya tare ta. An lulluɓe madubai da zane, an ture teburi tsakiyar ɗaki inda za a ɗora akwati. Rigar da ta ajiye a ƙasan adaka don ranar tafiya tana shimfiɗe a kan gado an goge ta, da sabon takalmin a gefenta. A kicin ta samu Ginka, idanu sun kumbura, tana juya sukari cikin dafaffiyar alkamar sadaka da ake raba wa masu rakiyar gawa. Ginka ta ɗago, ta saki muciya, ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa.

Bayanin bai da tsawo. Ginka ce ta fara isa bishiyar jiya da safe, ba tabarau a idonta. Ta ga baƙin zagaye, ta ga gicciye, ta ga fuskar Donka da sunanta. Me kuma za ta karanta? Ta ƙwalla ƙara har mai burodi ya fito. Sannan ta lura da kan kare a hoton, ta ga wannan wane irin tozarci ne a yi wa baiwar Allah takardar rasuwa da kare a ciki, ta ɓalle ta ta cusa a aljihu kafin idon gari ya gani. Daga nan labari ya tafi da baki. Gida a kulle, direban bas ya ce ya kai ta Lovech da asuba kuma fuskarta ba daɗi, sai aka haɗa aka ce ta faɗi a can, asibiti ya sa Kosta ya buga takarda. Manol ya kira asibitin, aka ce mai kula da wannan sashen ya tashi, ya kira gobe. A wajenmu kuwa ba a barin gawa ta iso ta tarar ba a shirya mata ba.

“Na yi miki kuka har murya ta dishe,” in ji Ginka daga ƙasa, da ta ji inda Donka ta kwana. “Na yafe miki maganar surukina. Ashe kina can kina cin wake.”

Aka zaro takardar daga aljihunta duk ta yamutse. Fada Serafim ya sa tabarau ya karanta a tsakar gida da muryar da yake karanta addu'a, don ba shi da wata: cewa ita Donka tana neman taimakon jama'a saboda karenta Murjo da ke fama da ciwon da maganinsa ya fi ƙarfinta, duk abin da ya sawwaƙa. Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka riƙa kallon juna, suna kallon karen, wanda ya samu bokitin furanni yana shan ruwan ciki.

A nan ne Manol ya matso da tawul a ƙudundune, yana riƙe da shi kamar yana ƙona shi. Tunda ba ta da kowa, jiya ya bi gida-gida, don kada hukumar gunduma ta zo ta binne 'yar gari a akwatin katako maras fenti, ba ƙararrawa ba sadaka, kamar yadda ake yi wa wanda aka tsinta a tasha. Ya buɗe tawul ɗin a kan benci. Donka ta leƙa. Tsofaffin takardun kuɗinmu na leva ne da aka ciro daga ƙarƙashin katifu, tuli guda, daga hannun mutanen da ta yi makonni tana faɗa wa damuwarta suna ɗaga kafaɗa. A wuni ɗaya suka haɗa. Ta ji daɗi, ba za ta yi ƙarya ba, don ba ta taɓa zaton tana da wannan daraja a garin ba. Ta kuma ji wani ɗaci da bai taɓa zuwa mata ba, ganin sai da ta mutu hannayen suka buɗe.

Manol ya yi gyaran murya ya ce to, an gode Allah, kowa zai karɓi abinsa, ya san abin da kowa ya bayar. Ya fara naɗe tawul. Donka ta ɗora hannunta a kai.

“Na wa ne kuɗin nan, Manol?”

“Na jana'izarki ne, Donka. Ga ki kuma a tsaye.”

“To nawa ne. Ku ba ni yanzu. Ranar da na mutu da gaske, kada wanda ya ciro ko ƙwandala. Kada a buga ƙararrawa, kada a dafa alkama, kada a manna ni a bishiya. Ku kira gunduma su zo da akwatinsu. Na ci tawa yau.”

Da wata ce ta faɗi haka da an ce ɓacin rai ne, gobe za ta manta. Amma wannan Donka ce, wadda ta fi kowa sanin abin da ake nufi da a tafi ba ƙararrawa, wadda ta yi shekaru tana jin tsoron ranar fiye da mutuwar kanta. Fada ya ce wannan ba abin ciniki ba ne, ta ce masa ai ba da shi take yi ba, akwatinsa na rufi ne. Mai kantin gari ta matso ta ce ita don mutum ta bayar ba don dabba ba, ta zare nata ta fita, wasu 'yan kaɗan suka bi ta, kansu a ƙasa. Sauran suka tsaya cirko-cirko, ba su ɗauka ba, ba su kuma ce sun bari ba. Donka ba ta ɗage hannunta daga tawul ɗin ba.

Ginka ce ta fito daga kicin rungume da babban kwanon alkamar, fuskarta a haɗe. Ta ce ita ba za ta dafa wa mutum ɗaya alkama sau biyu ba, kuma ba za ta zubar da wannan ba. Tunda mai gawa ta ce yau ce ranarta, to a yi komai a gama. Wanda ya bar kuɗinsa ya zo ya karɓa, ya faɗi abin da ake faɗa.

Manol ya fara miƙa hannu. Ya karɓi cokali guda, ya rasa inda zai sa idonsa, don a al'ada ƙasa ake kallo, mai ita kuwa ga ta a gabansa. Ya ce, “Allah ya gafarta mata.” Na bayansa ya matso. Haka suka riƙa wucewa ta gabanta ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin da ta yi wa gori da waɗanda suka yi mata, kowa na tauna alkamarta yana roƙa mata gafara, Murjo ya jingina da ƙafarta yana bin kowane cokali da ido. Ta ɗauka za ta iya jurewa, ita da ta tsaya a jana'izar mijinta ba ta zubar da hawaye a gaban mutane ba. Ba ta iya ba. Ginka ta zo ƙarshe, ta ci nata, ta faɗi kalmomin tana kallonta ido cikin ido, sannan ta ɗebo wani cokalin ta tura mata a baki ta ce ta ɗanɗana, don kada ta je lahira tana cewa an yi mata rowar sukari. Donka ta tauna alkamar sadakarta.

Abin da ya rage a tawul ɗin ya riƙe Murjo har ya ga narkewar ƙanƙara sau biyu, gashinsa ya dawo, ya ci gaba da addabar kajin Ginka. Amma wannan daga baya ne. A ranar, bayan mutane sun watse an yaye zanen madubai, Tanyo ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da shebur a kafaɗa, ya ƙi shigowa. Ya tambaya a ladabce yadda za a yi da ramin, don ba a barin kabari buɗe ya kwana.

Donka tana ninke rigar tafiyarta za ta mayar adaka. Ta ce masa ya goge allin, ya mayar da ƙasar.

“Amma kada ka daddanne ta da yawa, ɗan nan,” ta ce. “Waɗanda gunduma za ta turo ba wanda zai ba su ko kofin barasa. Kada su sha wahala a kaina.”